Laftof da Babban Allo: A San Kafa Kafin a Sayi Waya

 

Sharhinmu na yau a kan wani ɗan abu ne da ake cusawa a ƙasan jaka ba a ko naɗe shi ba, amma shi ne ke tsayar da taro, ya ɓata darasi, ya sa mutum ya kashe kuɗi sau biyu ko uku a kan buƙata guda. Ina nufin wayar da ke haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda muka fi sani da laftof, da babban allo, walau monita ce ta kan tebur, ko talabijin, ko majigin da ake haska rubutu a bango.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ɗaliban ajin ƙarshe ke kare kundin bincikensu ya san abin da nake faɗa. Ɗalibi ya kwashe watanni yana aiki, ya tsara bayaninsa shafi bayan shafi, ya sha guga ya zo. Malamai sun zauna, an kira sunansa. Ya ɗauko bakin wayar majigi, ya juya laftof ɗinsa hagu, ya juya dama, ya leƙa baya, babu ramin da wayar za ta shiga. Wayar makaranta mai shuɗin kai ce irin ta da, kwamfutarsa kuwa 'yar siririya ce ta yanzu. Nan take gumi ya keto masa, abokai suka bazu neman aro, shugaban zama yana duba agogo. Yaron da ya san aikinsa ciki da bai ya fara bayani murya na rawa, saboda rashin wata 'yar adafta da ba ta fi ƙarfin aljihunsa ba. Irin haka na faruwa a taron bita, da ɗakin taron ma'aikata, da ajin koyon kwamfuta, kusan kullum.

Kafin mu shiga batun wayoyin, me ma zai sa mutum ya nemi ƙarin allo? Allon yawancin laftof tsakanin inci 13 ne zuwa 15 da ɗoriya. Da yawa daga cikin na hannu da ke yawo a wajenmu hotonsu ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, wato ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Monita mai inci 24 ta yau da kullum kuwa tana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, sama da miliyan biyu ke nan. Akantan da ke fama da dogayen jadawalai, da mai zanen gini, da mai haɗa bidiyo, da mai buga wa jama'a takardu a shago, duk sun san bambancin da wannan fili ke yi. Akwai kuma batun lafiya. Allon laftof a haɗe yake da madannai, don haka in hannu ya zauna daidai, wuya ne zai sunkuya. Mai wuni a haka shi ne ke tashi da ciwon wuya da kafaɗa. Da monita kuwa, sai ka aje ta kamar tsawon hannunka daga fuska, samanta daidai da idonka, ka zauna a miƙe. Sannan ga mai laftof ɗin da allonta ya fashe: sau da yawa cikin kwamfutar lafiya lau yake, in aka jona ta da monita ko talabijin za ta ci gaba da aiki har a samu halin gyara.

To, maganata ɗaya ce a yau, kuma ina so mai sauraro ya riƙe ta ko da zai manta da sauran: kada ka sayi waya sai ka san kafar da kwamfutarka ke fitar da hoto ta ciki, ka kuma san kafar da allon ke karɓa ta ciki. Kafa biyu ne, ɗaya a nan, ɗaya a can. Duk wahalar da ake sha daga rashin duba waɗannan biyun take fitowa.

In laftof ɗinka na kusa, jawo ta ka dubi gefenta yayin da nake bayani.

Ta farko ita ce VGA, dattijuwar cikinsu. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a shekarar 1987. Za ka gane ta da ramuka 15 a jere uku, biyar-biyar, galibi shuɗiya, kuma kan wayarta na da noti biyu da ake murzawa a ɗaure. Hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Tsarinta na analog ne, ma'ana hoton yana tafiya ne a matsayin ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, don haka duk wani rauni na waya a fuskar allo yake bayyana. Launi uku da ake haɗa hoto da su, ja da kore da shuɗi, kowanne da layinsa. Shi ya sa in tsinke ɗaya ya lanƙwashe a bakin wayar, ko kan bai zauna daidai ba, sai ka ga allo ya rine ya koma ruwan hoda ko rawaya. Mutane kan ce monita ta lalace, alhali tsinke guda ne ya kauce. Tun a shekarar 2010 kamfanonin Intel da AMD suka sanar da cewa za su daina tallafa wa VGA zuwa 2015, shi ya sa ba ka ganinta a sababbin laftof. Amma a makarantunmu da ofisoshinmu tana nan da ranta, domin tsofaffin majigi da monitoci ita suka sani.

Ta biyu ita ce DVI, mai farin kai mai faɗi, wadda ta fito a 1999. Da wuya ka same ta a jikin laftof, amma tana bayan tsofaffin monitoci da yawa. In monitarka na da VGA da DVI, kwamfutarka kuma na da HDMI, to ka bi ta DVI, hoton zai fi fita tas.

Ta uku ita ce wadda kowa ya sani, HDMI, irin wadda ke bayan talabijin da dikoda. Ta fito a ƙarshen 2002, daga haɗin gwiwar kamfanonin kayan lantarki irin su Sony da Panasonic da Philips da Toshiba da Hitachi. Tsarinta dijital ne, kuma tana ɗaukar hoto da sauti a waya guda. Bakinta mai faɗi ne, an daddatse kusurwoyinsa biyu na ƙasa. Akwai ƙananan nau'o'inta biyu, mini da maikuro, da ake samu a wasu sirara kwamfutoci da kyamarori. Su ma HDMI ne, girman baki ne kawai ya bambanta.

Ta huɗu ita ce ta fi ruɗa mutanenmu, wato DisplayPort, wadda ƙungiyar VESA ta fitar a 2006. In ka kalle ta a gurguje za ka rantse HDMI ce. Amma duba da kyau: ita kusurwa ɗaya kaɗai aka datse mata, ɗayan gefen a miƙe yake, kuma kusa da ita akan sa alamar harafin D da P a cikinsa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kasuwarmu ta laftof ta dogara ne ƙwarai da na hannu da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka, su kuwa kwamfutocin ofis an fi yi musu DisplayPort. Tsofaffin HP EliteBook 840, irin su G1 da G2 da G3, DisplayPort da VGA gare su, ba su da HDMI. Lenovo ThinkPad T440 da T450 kuwa VGA gare su da ƙaramar DisplayPort. Sai mutum ya sayo wayar HDMI, ya zo gida yana ta dannawa da ƙarfi, ba ta shiga ba, wani har ya fasa kafar. Ƙarin abin lura: kan wayar DisplayPort sau da yawa yana da 'yan ƙugiyoyi da ke riƙe shi. Akwai wurin da ake latsawa kafin a zare. Wanda ya fizga ba tare da ya latsa ba, yana iya tumɓuko kafar gaba ɗaya.

Ta biyar ita ce autarsu, USB-C, 'yar ƙarama mai zagayayyen gefe, irin ta cajin wayoyin salula na yanzu, wadda ta fito a 2014. Ta ko'ina ka juya ta shiga take yi. Idan komai ya dace, waya guda ta USB-C za ta kai hoto da sauti zuwa monita, ta kuma dawo wa laftof da caji a lokaci guda. Da farko tana iya ɗaukar wutar da ta kai wat 100, daga 2021 aka ɗaga zuwa wat 240. Tarayyar Turai ma ta yi dokar da ta wajabta caji ta USB-C, ga wayoyin salula daga ƙarshen 2024, ga laftof kuma daga Afrilun 2026. Ke nan kwamfutocin da za su riƙa shigo mana nan gaba da wannan kafa za su zo, gara mu fahimce ta tun yanzu.

Amma a nan ne babban tarkon yake. Ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba. Wata ta caji ce da tura fayil kawai, duk da cewa a ido babu bambanci. Abin da za ka nema shi ne alamar da ke gefen kafar. In ka ga walƙiya mai kan kibiya, wannan Thunderbolt ce, tana fitar da hoto. In ka ga alamar D da P ɗin nan, ita ma tana fitarwa. In babu alama, sai ka nemi lambar samfurin kwamfutar, galibi tana rubuce a ƙasanta, ka bincika bayaninta a intanet. Haka ita ma wayar. Yawancin wayoyin USB-C da ke zuwa da cajar salula an yi su ne don caji, babu layukan ɗaukar hoto a cikinsu. Za ta shiga daram a nan, ta shiga daram a can, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Masu MacBook Air ta zamani su lura da wannan sosai, domin ita ba ta da HDMI, ta USB-C ɗin za a bi. Wadda ta fito a 2020 mai injin M1 kuma, allo ɗaya tak na waje take ɗauka kai tsaye.

Idan ka yi sa'a kafar laftof da ta allo iri ɗaya ce, magana ta ƙare, waya guda mai baki iri ɗaya za ka saya. Idan akwai zaɓi, ka fifita dijital, wato HDMI ko DisplayPort ko USB-C, ka bar VGA sai in babu yadda za a yi.

Idan kuma kafofin sun bambanta, sai a nemi adafta. A nan nake roƙon a saurara da kyau, domin yawancin kuɗin da ake asara a nan ake yinta. Adafta kamar tafinta ce da ta iya juya magana daga harshe ɗaya zuwa wani, amma ba ta iya mayarwa ba. Tana da gaba, tana da baya. Wadda aka rubuta wa HDMI zuwa VGA, aikinta ta karɓi hoto daga laftof mai HDMI ta miƙa wa tsohuwar monita ko majigi mai VGA. In kwamfutarka ce mai VGA, talabijin ɗinka kuma mai HDMI, wannan adaftar ba za ta yi maka komai ba. Taka daban ce, VGA zuwa HDMI, kuma za ka ga tana da ƙarin jelar USB da take shan wuta da ita, da kuma ta sauti. Kullum sunan farko na kwamfuta ne, na biyu na allo.

Haka wayar DisplayPort zuwa HDMI. Ita ce maganin masu EliteBook ɗin da na ambata: kan DisplayPort a jikin laftof, kan HDMI a jikin talabijin ko monita. In ka juya ta, ka sa HDMI a laftof, DisplayPort a monita, ba za ta yi ba, sai an sami wata ta musamman mai shan wuta. Tsakanin HDMI da DVI kuwa akwai sauƙi, domin siginar hotonsu iri ɗaya ce, waya guda na yi ta kowane ɓangare, sai dai kada ka sa ran sauti.

Akwai wata waya da nake gargaɗi a kanta. Za ka gan ta doguwa, kai ɗaya HDMI, ɗayan VGA, babu wani ɗan akwati ko kumburi a jikinta, kuma da arha. Juya dijital zuwa analog aiki ne da sai da ɗan guntun na'ura a ciki. Wadda ba ta da wannan na'ura ba za ta haɗa laftof da monita ba ko da sabuwa ce fil. Wasu masu kyau sukan ɓoye na'urar a cikin kan wayar, don haka gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Wata tambaya da ake yawan yi: zan iya jona laftof biyu da HDMI, ɗaya ta zama allon ɗaya? Amsa ita ce a'a. Kafar HDMI ta laftof fitarwa take yi, ba ta karɓa. Wanda kuma kwamfutarsa ba ta da wata kafar hoto mai aiki, akwai adaftar da ake sawa a USB ta yau da kullum, irin masu fasahar DisplayLink. Sai an saka musu manhaja kafin su yi aiki. Suna wadatarwa ga rubutu da lissafi, amma masu arha daga cikinsu sukan sa bidiyo ya riƙa tsinkewa.

Sai batun ƙarfin waya. Bakin HDMI bai sauya ba tun da aka fito da shi, amma abin da yake iya ɗauka ya sauya. HDMI 1.4 ta 2009 tana kai hoton 4K, wato ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, amma sau 30 kawai take sabunta shi a daƙiƙa. HDMI 2.0 ta 2013 ta kai sau 60. HDMI 2.1 ta 2017 ta kai sau 120. Wanda ya sayi monita mai 4K da tsada, ya jona ta da tsohuwar laftof, sai ya ga kibiyar linzami tana tafiya da ɗingishi, ya ɗauka an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Abu uku ne ke aiki tare, kafar kwamfuta, da waya, da allo, kuma mafi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci. Don haka kafin ka zuba kuɗi a babbar monita, ka tabbata kwamfutarka za ta iya ciyar da ita.

A ɗaya ɓangaren kuma, kada a ruɗe ka da ƙyale-ƙyale. Ga mai monita ta 1920 da 1080, duk wayar HDMI mai lafiya da aka rubuta wa High Speed ta isa. Ruwan zinaren da ake shafa wa bakin waya yana hana tsatsa ne, ba ya ƙara wa hoto kyau. A tsarin dijital, in saƙo ya isa lafiya, hoton waya mai tsada da na mai matsakaicin kuɗi ɗaya ne. In bai isa lafiya ba, za ka ga allo na ƙiftawa, ko farare-fararen ɗigo na walƙiya, ko hoto ya ɗauke ya dawo. Abin da ke da tasiri shi ne tsawo. Mita ɗaya da rabi zuwa uku ya ishi tebur. In za a ja waya a babban zaure har ta haura mita 10, to a nemi irin wadda aka yi don nisa, mai na'urar ƙarfafa sigina ko mai zaren gilashi, kuma su ma suna da gaba da baya, a duba rubutun da ke kan kowane baki kafin a binne su a silin. A VGA kuwa kauri na da amfani: siririyar waya mai tsawo ita ke sa rubutu ya yi inuwa biyu-biyu.

To, an sami waya, an jona, allo ya rubuta No Signal. Kada a yi saurin yanke ƙauna. Monita da talabijin suna da kafofi da yawa, kuma ɗaya suke saurare a lokaci guda. Nemi maɓallin Source ko Input a jikin monita ko a rimot, ka zaɓi kafar da ka sa wayar. In a HDMI 2 ka jona, talabijin na kan HDMI 1, ko kwana za ka yi ba za ka ga komai ba.

Daga nan ka koma kan laftof. In Windows ce, danna maɓallin mai alamar taga tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito a jere. Na farko allon laftof kaɗai. Na biyu, Duplicate, abin da ke nan shi ke can, shi ya dace da darasi da gabatar da bayani. Na uku, Extend, yana mayar da allon biyu fili ɗaya mai faɗi, ka buɗe takardar da kake dubawa a ɗaya, kana rubutu a ɗayan, kuma wannan ne ribar monita ta gaskiya ga ma'aikaci. Na huɗu babban allo kaɗai. Masu sauraronmu na Nijar da Kamaru da Chadi da kwamfutocinsu ke Faransanci, jerin ɗaya ne, sunayen ne kawai suka sauya. Masu Mac kuma su shiga saitin kwamfuta, sashen Displays.

In hoto ya fito amma ya yi dishi-dishi, ko fuskokin mutane sun baje, yawan ɗigon ne bai dace ba. Shiga saitin allo ka zaɓi adadin da aka rubuta wa Recommended, domin monita da kanta take gaya wa kwamfuta adadin da ya dace da ita ta cikin wayar. A wannan shafin ne kuma za ka ga allon biyu an sa musu lamba 1 da 2, ka ja su su zauna yadda suke a teburinka, don kibiya ta riƙa ƙetarawa ta gefen da ya kamata. In talabijin ne ya yanke gefen hoto, nemi saitin girman hoto a rimot, a LG ana kiransa Just Scan, a Samsung kuma Screen Fit.

Wani abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne ɗaukewar sauti. Da zarar an sa HDMI, kwamfuta kan tura sauti zuwa monita, monitoci da yawa kuwa ba su da lasifika. Lasifikarka ba ta mutu ba. Danna alamar sauti a ƙasan allo, ka mayar da shi kan na laftof. Mai son rufe murfin laftof ya yi aiki da monita kaɗai, sai ya shiga saitin wuta ya gaya mata kada ta yi barci in an rufe, ya kuma aje ta inda iska ke ratsa ta, musamman a zafin bazara.

In duk an yi wannan abu ya ƙi, a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Sauya waya ka gani. In bai yi ba, sauya kafa. In bai yi ba, gwada wani allon. Wanda ya sauya komai a lokaci guda ba zai taɓa sanin mai laifin ba, kuma sau da yawa wayar ce, wadda ita ce mafi arha a cikinsu.

Ba zan rufe ba sai na taɓo wutar lantarki, domin halin da muke ciki ya sha bamban da na ƙasashen da aka ƙera waɗannan kaya. Gidaje da shaguna da yawa wayarsu ba ta da layin da ke sauke wuta ƙasa. In ka taɓa ƙarfen bayan talabijin ka ji yana ɗan jan hannunka, wannan alama ce. Jona HDMI a irin wannan hali, komai na kunne, yana iya ƙona kafar talabijin ko ta laftof, gyaran kafar laftof kuwa aiki ne a can cikin kwamfutar. Ka kashe talabijin daga soket, ka jona waya, sannan ka kunna. Lokacin da za a sauya daga wutar NEPA zuwa janareta, a kashe monita tukuna. A sa abin kare kaya daga hawan wuta. Masu sola da inbata kuma su sani cewa monita mai inci 24 ta zamani ba ta cika wuce wat 30 ba, ta fi babban talabijin sauƙin ci nesa ba kusa ba.

Saura shiga kasuwa. Ko titin Beirut za ka a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ko wani ɗan shago a garinku, kada ka je da baki kawai ka ce a ba ka wayar monita. Ɗauki hoton gefen laftof ɗinka da salula, ka ɗauki na bayan monitar, yadda kafofin za su fito sarai. In da hali, tafi da laftof ɗin. Ka ce wa mai shago, ga inda hoto zai fito, ga inda zai shiga. A gwada a gabanka kafin ka biya, ku kuma yi magana a kan canji in ka je gida ba ta yi ba. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma 'yan'uwa masu sayar da kayan kwamfuta, wannan amana ce a hannunku. Mafi yawan masu zuwa wajenku ba su san bambancin HDMI da DisplayPort ba, da ku suka dogara. Tambaya biyu kafin ku miƙa kaya, wace kwamfuta ce, wane allo ne, za ta hana mutum asara, ta kuma dawo muku da shi gobe da abokinsa. Ku aje monita ɗaya ta gwaji a shago. Kayan da kuka san ba ya aiki, kada ku sayar don kawai mai saye bai sani ba.

Shugabannin makarantu da ofisoshi da masu kula da zaurukan taro, duk inda kuka kafa majigi, ku tanadi adafta uku a ɗaure da wayarsa: ta HDMI, da ta DisplayPort, da ta USB-C. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai komai ba a kan kuɗin majigin, kuma su ne za su sa a ci moriyarsa. Malaman kwamfuta, ku ware darasi guda ku jera wa ɗalibai waɗannan wayoyi a tebur, kowa ya riƙe, ya gane su da ido da hannu. Kai kuma mai gabatar da bayani a gaban jama'a, adaftarka ta zauna a jakarka tare da caja, ka kuma isa wurin da wuri ka gwada kafin mutane su taru.

Jama'a, a dubi kafar kwamfuta, a dubi kafar allo, a san inda hoto ya dosa, sannan a sayi waya.